Ottavia Bruzzone da Agogonta Mai Siffar Tumatir

Shekara talatin da huɗu, kullum ƙarfe bakwai da kwata, Sinyora Ottavia Bruzzone takan tsaya a shagon kofi na bakin lungunmu a nan Genova, ta tsoma burodin man zaitun a kofinta, ta goge yatsu, ta hau bene zuwa ƙaramin kamfaninmu na buga littattafai. Aikinta duba rubutu kafin a kai shi injin. Ni nake tsara shafuka, teburina na kallon nata shekara ashirin da biyu, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba. Kuma a fusace nake rubutu, gara ku sani tun yanzu.

Yau duk tashar jirgin ƙasan da ka shiga sai ka ga fuskar Ermanno Dellepiane a bangon littafi, ya dafe haɓa kamar mai ciwon haƙori. Labaransa na kisan kai sun zaga duniya. Ni kuwa na san shi tun yana zuwa mana da rubutu a jakar leda.

Ottavia ba ta taɓa yarda da maganar marubuci ba. In ya ce mai kisa ya tashi daga kasuwar kifi ya isa gidan kan tudu cikin minti goma sha ɗaya, sai ta murɗa agogon girkinta mai siffar tumatir, ta jefa a jaka, ta bi hanyar da ƙafarta. A littafinsa na uku haka ta yi, ta dawo ta tare shi a gabana.

"Maestro, mai kisan nan naka fukafukai gare shi?"

"Haba Sinyora, labari ne fa, ba jadawalin jirgi ba."

"Ka ce ya hau lif ɗin unguwa, mai hawa da mutane kan tudu, ranar Lahadi da rana. A rufe yake. Na je, na bi matakala, tumatir ya yi ƙara ina rabin hanya ina haki."

"To wa zai lura?"

"Duk tsohuwar da ke unguwar. Su ke sayen littafinka, ba abokan shan giyarka ba."

Ya miƙe zai bugo ƙofa, ta ce masa, "Tsaya. Bar lif ɗin, amma mayar da shi ƙaryar da mutumin ya yi wa ɗan sanda. Da ita za a kama shi."

Wannan littafin ne ya ciyo lambar yabo ya fito da shi duniya. Muna cin abincin rana a ofis muka gan shi a talabijin yana cewa dabarar lif ta faɗo masa ne yana aske gemu. Saura kaɗan in jefi akwatin da kofi. Ita kuwa ta ci gaba da cin taliyarta, ta ce, "Ai gemun ya yi kyau."

Littafi goma sha tara ta taka masa haka. Likitan da ke ƙasan benenmu shaida ne, ta hana shi sakat da tambayar yadda gawa ke sandarewa a ɗaki mai sanyi. Direbobin motar haya sun san ta, har sukan ce, "Sinyora, yau wa aka kashe?" Ke ce mai bin sawu, Ottavia. Ke ce kika cinye gwiwarki a matakalan garin nan don kada a raina wa mai karatu hankali.

Bara aka sayar da mu ga wani babban kamfani na Milano. Suka turo mana sabon manaja, Dottor Cazzaniga, yaro mai takalmi ba safa, ya ce daga yanzu Dellepiane zai riƙa fitar da littafi biyu a shekara, na'ura kuma za ta duba kowanne cikin minti huɗu. Aka ce Ottavia ta je ta huta. Abu ɗaya ta roƙa a duk tsawon aikinta, layi ɗaya mai sunanta a shafin godiya na littafin ƙarshe da ta duba.

"Sinyora, da so samu ne," in ji Dottor Cazzaniga, idonsa na kan waya, "amma shafin ya cika, akwai tallar fim."

Dellepiane na zaune a wurin. Sai gyaran maɓallin hannun riga kawai yake ta yi. Ranar sallamarta ma fure ya aiko, shi yana bikin littattafai a wata ƙasa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Watan jiya littafi na farko da ba ta duba ba ya fito. A shafi na ɗari biyu da goma mai kisa ya tsere ta gadar masu tafiya da ƙafa da ke bayan ɗakunan ajiye kaya. An rushe gadar nan shekara shida da suka wuce. Na'ura ba ta da ƙafa, ina za ta sani? Na ruga gidan Ottavia da littafin, bakina har kunne.

"Ki yi shiru kawai," na ce mata. "Bari 'yan jarida su yi masa tsirara a kasuwa."

Sai na hangi sandarta jingine da ƙofa, takalminta duk laka, tumatir a kan tebur. Ashe ta sayi littafin tun ranar da ya fito, ta je wurin, har ta gano wata hanya ta ƙarƙashin titin jirgi da za ta yi daidai da lokacin. Wasiƙar gyaran ma ta riga ta tafi kamfanin.

"Kin haukace ne? Bayan abin da suka yi miki?"

"Kai dai ka cika zafi," ta ce. "Mutumin da ya sayi littafin fa, me ya yi mini?"

Bugu na biyu ya fito jiya. An gyara gadar, kalma da kalma yadda ta rubuta. Na buɗe shafin godiya. Ya gode wa matarsa, ya gode wa Dottor Cazzaniga, ya gode wa karensa.

To ni na gode miki, Ottavia, a madadin duk wanda ya karanta littattafan nan bai taɓa yin tuntuɓe ba. Ku matasa masu shiga aikin nan, ku tashi daga kujera ku taka hanya kamar yadda ta yi, amma ku nemi sunanku tun ƙafarku na da ƙarfi. Ku kuma masu karatu, duk mai littafin Dellepiane a gida ya ɗauko biro, ya buɗe shafin godiya. Dottor Cazzaniga ya ce ya cika, amma ni mai tsara shafi ne, na auna. A ƙarƙashin sunan karen akwai fili, daidai layi ɗaya. Ku rubuta: Ottavia Bruzzone.