Takalman Zara'u a Ƙofar Jirgi

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a bakin tashar Maijirgi ya san Zara'u Talle. Shekara talatin ke nan tana soya gyaɗa tana matse mai, tun mijinta na da rai har bayan ransa. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ta kuma da dogon surutu. Abu guda ke sa ta saki fuska, shi ne fim ɗin Hausa. Gilashin wayarta ya tsage, amma katin da ke ciki maƙare yake da finafinai. Takan jingina wayar da turmi, tana murza ƙuli tana yi wa ƴan wasa faɗa kamar suna jin ta. A cikinsu ta fi son Imrana, mai fitowa a baƙauye da hula a karkace. In ya shiga birni ya tafka wauta, sai ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane.

Bara da kaka ɗiyarta Nasiba ta haihu a Yamai, kuma wankan jego aikin uwa ne. Surukinta ya ce ƙugunta ba zai jure yini guda a bas ba, ya aiko mata da biye, wato tikitin jirgin sama daga Maraɗi. Ta ɗaure gero da kanwa da yaji, ta bi ta Tasawa ta isa.

A filin jirgi ta ga ƴan wasan fim, su biyar, sun gama wasa a Maraɗi za su Yamai. Ko da baƙin tabarau da shadda ta gane Imrana. Matasa suka yi ta rububin hoto. Ita daga nesa ta tsaya, tana shirya yadda za ta ba matan unguwa labari.

Da aka kira fasinjoji ta hau matakala a hankali. A ƙofa ta tarar da kafet tas, ga wata budurwa ma'aikaciyar jirgin tsaye tana yi wa mutane marhabin kamar mai ɗaki. Tun da aka haifi Zara'u ba ta taɓa taka shimfiɗar mutane da takalmi ba. Ta yi sallama, ta tuɓe su, ta jera su gefen ƙofa, ta shige.

Dariya ta tashi a bayanta. Ta waiwaya, sai ga Imrana ya ɗaga waya yana ɗaukar ta, ya kuma sauya murya irin ta fim.

"Jama'a, ga Inna ta shigo masallaci. Inna, alwala fa?"

Ya gaya wa abokansa cewa wannan kafin su sauka ya zaga duniya.

Zara'u ta san tafiyar irin wannan bidiyo, don ita ma ta sha dariyar na wasu. Kafin ta ɗora ruwan wanka zai kai shagon cajin waya na Maijirgi. Dangin mijin Nasiba za su gani, kuma yarinyar za ta ƙare zaman aurenta ana nuna ta da baki.

Ma'aikaciyar ta kawo mata takalman, ta nuna mata kujerarta. Zara'u ta karɓa ta riƙe a hannu, ta tsaya ƙyam a tsakiyar hanya. Ta ce wa Imrana ya goge. Ya ce wasa ne, ai ita ma ta zama ƴar fim ke nan, wasu roƙon haka suke yi.

"Kai biyan ka ake ka yi wauta," in ji ta. "Ni ba wauta na yi ba, ladabi na yi. Goge shi, ɗan nan."

Kowa ya zauna ya ɗaura bel, aka rufe ƙofa. Ma'aikaciyar ta lallaɓa ta da Hausa, ta koma Faransanci, ta dawo Hausa: jirgi ba ya tashi in mutum na tsaye. Zara'u ba ta san haka ba sai lokacin. Ta gyara tsayuwa. Ta ce ita a tsaye take yini gaban kasko, kuma jariri ya riga ya zo, ba ta da sauri.

Wani ɗan kasuwa ya fara gunaguni cewa tsohuwa ta tsare mutane. Wata malamar lakwal daga Mayahi, Asma'u, ta ce masa mai waya ne ya tsare su, ya juya can. Idanu suka koma kan Imrana. Abokansa kowa ya sami abin kallo ta taga. Ya yi ƴar dariyar da ba ta yi kama da ta fim ba, ya latsa wayar ya ce shi ke nan, ya goge.

Zara'u ta ce ita ba ta iya karatu ba, a miƙa wa malama. Asma'u ta duba, ta ce yana nan a inda waya ke tara abin da aka share. Ta goge shi a can ma, ta maida masa abinsa. Sannan Zara'u ta zauna, takalmanta bisa cinya, har Yamai.

Ta yi kwana arba'in tana dafa ruwa da dama kunun kanwa. A jirgin dawowa ma ta tuɓe takalmanta a ƙofa, sai dai wannan karon ta shige da su a hannu.

Har yau tana bakin tasha, wayar na jingine da turmi. Ba ta fid da finafinan Imrana daga katin ba, ta ce yaron ya iya aikinsa. In mata suka matsa mata ta faɗi yadda yake ido da ido, ba ta ɗaga kai daga kasko.

"Ya fi tsawo a waya," take cewa.