Tukunyar Inna Mai Karkataccen Kunne

A gidanmu na Tanut ba a zubar da abu sai ya mutu sau biyu. Gwangwanin tumatir ya zama fitila, kwalbar magani ta koma ta man shanu, bidon mai kuwa, wato jarka, Inna, mahaifiyata, takan wanke shi da toka ta kai kasuwa, matan Buzaye su ba ta cuku a madadinsa. Daga baya tocila mai araha ta kashe fitilar gwangwani, sabbin robobi suka cika kasuwa, babu mai waiwayar tsohon bido. Abu ɗaya ya rage da daraja, sanholo. In ka tara fasasshen ludayi, murfi da gwangwanin lemo, sai ka kai wa mai zubin tukwane ya narka maka sabuwa, ka biya ladan aiki kawai.

Da Inna ta rasu, tukunyarta ce ta faɗo rabona. Gindinta ya huje, kunnenta ɗaya a karkace yake tun ranar da aka zuba ta, kuma Inna ba ta taɓa sauke ta daga murhu ba tare da ta yi wa maƙerin tsiya ba. Na sa ta a buhu a bayan rumbu, na shiga tara sanholo a kanta shekara da shekaru. Burina in 'yata ta tashi aure a narka su duka a zuba mata babbar tukunya, ta tafi da ɗan abin kakarta.

Ana cikin haka 'yan gwangwan suka shigo gari da sikeli. Kome suke saye da kilo, su loda a kamiyo zuwa Damagaram, daga can a yi kudu da shi. Yara suka tsince bola tas, ko buta ka manta a ƙofar gida sai dai ka ji labari.

An sa ranar auren 'yata da wani malamin makaranta a Belbeji. Wata safiya na zagaya bayan rumbu, ba buhu. Na tambayi maigidana, ya amsa yana murmushi, wai jiya ina gidan suna ya raba ni da tarkace, har ya sayo mana buhun gawayi da kuɗin.

"Malam, tukunyar Inna fa tana ciki!"

Murmushin ya ɓace. Ni kuwa na faɗi maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Na ja mayafi na yi bakin kasuwa.

Na tarar da wurin sikelin wayam, sai sawun taya. Mai gadin wurin ya ce kamiyon ya tashi tun da asuba. Ban yi kuka a gabansa ba, amma ban nufi gida ba. Na bi ta rumfar mai zubin tukwane don in gaya masa ya daina jirana. Tsoho ne, ɗan wanda ya zuba wa Inna tata, kuma na same shi zaune gaban murhun da ba wuta. Aiki ya yi masa ƙaranci, domin masu kawo masa sanholo yanzu sikeli suke kai wa, shi ma sai ya bi 'yan gwangwan ya saya da tsada.

"Baba, zancen tukunyar amarya ya tashi," na ce masa.

Ya miƙa hannu bayan buhun gawayi ya jawo wani abu baƙi ƙirin ya ajiye a gabana. Kunnen na fara gani.

"Jiya da la'asar na je tsintar abin narkawa a wurinsu," ya ce. "Na ga wannan kunne na ce, ai wannan aikin babana ne. Uwarki ta yi masa gori a kansa har ya koma ga Allah. Na san ba da yardarki ta fito ba."

Na zauna a ƙasa daɓas, na rungume tukunyar, baƙinta ya ɓata mini mayafi, ina dariya ina hawaye. Daɗin da na ji ranar ban san da me zan kwatanta shi ba. Sauran buhun ya tafi kudu, tarin shekaru, amma wallahi ko a jikina.

Tsohon ya ɗaga ta ya jinjina nauyinta, ya ce ita kaɗai ba za ta ba da babba ba, sai dai 'yar ta miya. Na ce ta miyar ma ta isa. Malam maigidana, don neman shiri, shi ya biya abin da tsohon ya kashe, ya kuma kwashi gawayin nan da ya saya ya kai rumfar da kansa. Ban hana shi ba.

Ranar zubi na je na tsaya. Ina kallo tukunyar Inna ta narke ta zama ruwa mai ƙyalli. Tsohon yana danna ƙasar zubi da hannu, sai ya ɗago kai.

"'Yata, wannan karon zan miƙe kunnen, kada jika ma ta gaji gorin."

"A'a, Baba," na ce. "Karkata shi."