Kwamfutar da Ba Ta da Fanka

Nakagomi Tokuji ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran injinan sanyi a ɗakunan ajiyar inabi na garin Kofu, kuma aikin nan ya bar masa girman kai a kan abu ɗaya tak, wato zafi. A sauran al'amura mutum ne mai sanyin hali, ka taka shi ya ba ka haƙuri. Amma ka ce masa wani ƙarfe zai yi zafi, sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifinsa. Da ya yi ritaya hannunsa ya ƙi zama. Ya gyara ƙofofin maƙwabta, har waɗanda lafiyarsu ƙalau, daga nan ya faɗa wa mujallun kwamfuta, yana karantawa da jan biro a hannu yana yi wa marubutan gyara.

Matarsa Fumie tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa. Tun da ta fara, kunnenta ya tsani gurnanin inji. Firjin gidan ma sai da Tokuji ya fitar da shi baranda. Ɗakin da talabijin take kuma nan suke shimfiɗa su kwana, don gidan ɗaki biyu ne.

A watan Mayu aka bugo waya daga tashar talabijin ta jihar. Wata mata ce ta ce sun tono wani tsohon fim a ma'ajiyarsu, na matan da ke warware zaren siliki a wata masana'anta shekaru arba'in da wani abu baya, kuma a takardar da ke cikin gwangwanin fim ɗin akwai sunan Matsuno, mahaifiyar Fumie, ita ce mai bayar da waƙa. Za a nuna ranar Asabar ta ƙarshen Yuli, ƙarfe uku na rana, sau ɗaya. Tokuji ya roƙi a ba su kwafi. Matar ta ba da haƙuri har sau biyar, ta ce dokar tashar ba ta yarda ba.

Fumie tana da shekara tara uwarta ta rasu. Hotonta ɗaya ne, yana kan kantar magabata kusa da kaskon turare. Da Tokuji ya ajiye wayar, Fumie ta daɗe tana kallon hoton.

"Fuskarta kullum ina gani," ta ce. "Muryar ce ta ɓace mini, Baban Chiharu. Ko a mafarki bakinta kawai ke motsi."

Asabar ranar wankinta ce, ba a ɗagawa, kuma talabijin ɗin asibitin tana can ɗakin jira, nesa da gadaje. Sai dai a ɗauka mata. Tsohon bidiyonsu mai cin kaset tuni Tokuji ya manna masa takardar shara ya fitar. 'Yarsu Chiharu ta bugo daga Sapporo ta ce za ta aiko da sabo, ya ce ta riƙe abinta. Kaset ai lalacewa yake yi. Shi zai haɗa kwamfuta da hannunsa, ta ɗauki shirin tas, a zuba a faifan da jikoki za su gada.

Ya hau jirgin ƙasa zuwa Akihabara, unguwar masu sayar da kayan lantarki, da takarda cike da lissafin kaya. A wani ɗan shago ƙarƙashin gadar jirgi ya samu mai shagon, wata mata mai suna Tsuruta, tabarau a goshi, ba ta da lokacin kowa. Ya zaɓi akwati baƙi mai faɗi da zai zauna ƙarƙashin talabijin, da babban allon da ake kafa sassan kwamfuta a kai, da faifan ajiya mai juyawa a hankali. Duk ta yarda. Da aka zo katin da ke kama hoton talabijin, ta ajiye masa biyu. Ɗaya yana da tasa ƙwaƙwalwar, shi ke yin aikin da kansa, amma da wata 'yar fanka a jikinsa. Ɗayan ba fanka, sai dai duk wahalar yana jibga wa ƙwaƙwalwar kwamfutar. Tokuji ya ɗauki marar fanka. Ya kuma ce ita ma ƙwaƙwalwar ba zai sa mata fanka ba, ƙaton ƙarfe mai haƙarƙari zai ɗora mata ya riƙa shanye zafin.

Tsuruta ta sauke tabaranta ta tambaye shi daga ina yake. Ya ce Kofu.

"Kofu? Baba, garin da kwalta ke narkewa? Sa fanka ko ɗaya ce, mai tafiya a hankali. Ba za ka ji ta ba."

"Ni ba zan ji ba. Matata za ta ji."

Ya ƙara da cewa yana aikin zafi da sanyi tun ba a yaye ta ba. Ta ce to, ai kayansa ne, ta ƙulle masa a leda. Gaskiyar magana, rabin dalilinsa ƙauna ce, rabi taurin kai, kuma shi kansa bai san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Ya haɗa ta cikin kwana huɗu. Ta tashi shiru, in ba don 'yar fitilar gabanta ba, ba za ka ce tana aiki ba. Fumie ta kara kunne a jikinta ta yi murmushi, wannan murmushin kuwa ya ƙara kumbura masa kai. Ya gwada ɗaukar labarai, ya gwada shirin girki, rabin awa rabin awa, komai lafiya. Abin da gwanin zafi ya manta shi ne duk gwajin nan a watan Yuni ya yi shi, ana ruwa dare da rana, gari a sanyaye.

Ranar Asabar ɗin gari ya waye da zafi kamar an kife tukunya a kan kwarin da garin yake ciki. Motar asibiti ta ɗauki Fumie ƙarfe goma sha biyu da rabi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi baƙin akwatin, ta fita.

Ƙarfe biyu da rabi ya kunna. A tashar ana wasan ƙarshe na ƙwallon gora, wanda ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda, na makarantun sakandaren jihar, kuma tsohuwar makarantarsa ce ta kai wasan, karo na farko cikin shekara talatin. Duk unguwar na gaban talabijin. Ƙarfe uku saura biyar ya danna ɗauka. Ƙarfe uku ya yi, yara na nan suna wasa, ci huɗu da huɗu. Sai rubutu ya gilma a ƙasan allo: shirye-shiryen da ke biye za su zo da zarar an tashi wasa.

Wasan nan ba shi da agogo, zagaye tara ake yi, in an yi kunnen doki sai a yi ta ƙara zagaye har wani ya ci. Maƙwabciyarsu Amemiya ta riga ta ce ita ma za ta ɗauka saboda tsaro, amma ya san ta saita bidiyonta daga uku zuwa uku da rabi ta tafi gona. Yara masu gora kawai za ta samu. Saura shi kaɗai.

Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya janye da sauri. Ya duba ma'aunin zafin a allo: digiri saba'in da ɗaya. Ya yi tunanin kashe ta ta huta, amma tana cin minti uku kafin ta tashi, kuma wasan zai iya mutuwa da bugu ɗaya, shirin ya fara nan take. Bai ma san ko Matsuno a farko take ko a ƙarshe ba. Ya tsayar da ɗaukar dai, ya kwance murfin akwatin, ya jawo tsohuwar fankar ƙasa ya kunna. Nan da nan layuka suka cika hoton, sautin ya ɗauki zuza. Injin fankar ke shiga wayar eriya. Ya kashe. Ya buɗe firji ya ɗauko ƙanƙara, ya tsaya da ita a hannu. Shi ya fi kowa sanin abin da ƙanƙara ke yi kusa da ƙarfe mai zafi a rana irin wannan: raɓa za ta taru ta ɗiga a kan allon cikin kwamfutar, shi ke nan. Ya mayar.

Abin da ya rage shi ne maficin takarda da wani kantin shinkafa ya raba musu. Dattijo ɗan shekara sittin da uku ya durƙusa a gaban talabijin, daga shi sai singileti, yana yi wa ƙarfe fifita.

Zagaye na goma ya wuce ba ci. Na sha ɗaya ma haka. Ma'auni ya kai saba'in da takwas. In hannun dama ya gaji ya koma hagu, gumi na bin haɓarsa, yana kau da kai kada ya ɗiga ciki. Ya zagi kansa, ya tuna fuskar Tsuruta, ya ƙara zagin kansa. Abokan karawar ne ke bugu a ƙarshen kowane zagaye, don haka hanya mafi kusa ta tashi ita ce su ci. Ta taga yana jin unguwa na kiran sunan makarantarsu, shi kuwa yana durƙushe yana roƙon a doke ta. Kunya ta kama shi, amma bai fasa ba.

A zagaye na sha uku aka doke ta. Unguwa ta yi tsit. Tokuji ya danna ɗauka, ƙarfe huɗu da minti ashirin.

Shirin ya fara. Da ɗaukar ta hau kan ƙwaƙwalwar, ma'auni ya haura tamanin da biyar, kwamfutar ta fara rage gudu don ta tsira da ranta. Hoto ya soma tsalle, ya tsaya, ya zabura, ya sake tsayawa. Wani farfesa ya yi ta bayani minti goma sha biyu, Tokuji ya tsane shi kamar ya kashe masa ɗa. Sannan hoto ya koma baƙi da fari, ga layin mata a gaban kwanukan ruwan zafi, tururi na tashi. Wata a tsakiya ta fara juyowa, hoton ya daskare a nan, rabin kunci da ɗankwali. Bai sake motsi ba. Tokuji bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa da kaɗawar mafici, har shirin ya ƙare.

Biyar da rabi mota ta sauke Fumie, jiki a mace kamar kullum. Ta same shi zaune a ƙasa, akwati a buɗe, mafici ya yage. Bai ɓoye ba. Ya ce hoton ya lalace, laifinsa ne, an gaya masa ya ƙi ji. Sautin kuma bai sani ba, tsoro ya hana shi dubawa.

"Kunna," ta ce.

Ya wuce farfesan. Rabin kunci ya tsaya a allo. Sai ga murya, siririya, da ɗan kaushi, tana jan waƙa sauran mata na amsawa, ƙarar ƙafafun inji a bayansu. Fumie ta rufe ido. Fuskarta ba ta nuna komai ba, Tokuji ya ga alamar muryar baƙuwa ce a kunnenta, ransa ya ɓaci ƙwarai.

Ana tsakiyar baiti waƙar ta yanke. Muryar ta canza, ta yi kaifi, ta juya gefe.

"Ke Fumie, ɗauke hannunki daga nan, ruwan da zafi."

"Na'am," in ji Fumie, ta janye hannunta daga kan tebur ta sa a cinya.

Sai da ta yi sannan ta san ta yi. Ta buɗe ido ta dubi hannun. A allo waƙa ta ci gaba, mata na dariya. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ta ce ya mayar baya. Yana kai hannu kwamfutar ta ɗauke da kanta. Ya ce sai ta huce, kamar minti ashirin.

"Ba komai," ta ce. "Zan jira ta."