Ranar da Na Kasa Cin Doya a Sabon Gari

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke wata Asabar da na yi a Sabon Gari. Lokacin kuɗin man fetur sun fara shigowa, kowa a Kano sauri yake yi. Ni kuma ina saurayin malami a wata sakandare a Fagge, ga sabon babur, ga sunana cikin waɗanda za a tura kwas ƙasar waje. Ji nake babu ya ni.

A makarantar akwai wani dattijo Inyamuri mai koyar da Turanci, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Shi ke riƙe da makullin kabad ɗin jarrabawa. Wata rana na karɓi makullin don in gyara tambayoyina, na kwaso takardu zan duba a gida, na manta su a teburin mai shayi. Kafin in dawo, ɗalibai sun gani. Da magana ta fito, sai aka ce ai mai makulli ne ya sayar. Aka sa ranar da kwamiti zai zauna a kansa, kowa kuma ya san kora ce. Ni da na san gaskiya na ja bakina na yi gum, don kada kwas ɗina ya sha ruwa.

Abin kunyar, a wannan lokacin muna shirin wasan kwaikwayo na bikin ba da kyaututtuka, kuma shi ne mai koya mana. Wani tsohon wasa ne mai ban tausayi da ya mayar Hausa, labarin wani jarumi marar imani da ya kashe ɗan'uwansa don mulki, daga baya alhaki ya hana shi sakat har ya zauce. Ni aka ba jarumin. Kashin farko, na rashin imani, kamar don ni aka rubuta. Kashi na biyu ne ya gagare ni. Sai in yi ta ihu ina birgima a ƙasa, abokai suna dariya.

A gidansa da ke Sabon Gari muke gwaji duk Asabar da rana, matarsa ta kawo mana dafaffiyar doya da manja. Ran nan da sauran suka fita sallar la'asar, ina ɗaura takalmi ya ce in dakata. Ya ce ihun nan da nake yi ba haka abin yake ba. Wai wanda alhaki ke ci ba ya ihu. Abincin da yake so ne yake turewa, in ana magana ya kalli ƙasa, ya yi dariya tun kafin a gama ba da labari. Sai ya dubi kwanona da ban taɓa ba, ya ce, "Malam, ka yi kawai yadda kake yi a gidan nan mako biyun nan."

Wallahi nan take na saki takalmin. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa masa komai, ina kuka da majina, ƙato da ni. Ashe tun ranar farko ya sani, tunda ni kaɗai ya ba makullin. Na tambaye shi me ya hana shi tona mini asiri, ga iyali, ga aikinsa zai tafi.

Ya ce, "In ni na faɗa, aikina kawai zan ceto. In kai ka faɗa, mu biyu muka tsira."

Ranar Litinin tun kafin a buga ƙararrawa ina ofishin shugaban makaranta. Aka wanke dattijo, aka ba ni takardar gargaɗi, aka soke sunana daga kwas. Ya yi mini ciwo, ba zan yi ƙarya ba, na yi watanni ina jin zafinsa. Amma yau da nake da jikoki, duk sanda na tuna mutumin nan sai godiya ta cika mini zuciya. Ya sa wuyansa a kan wuƙa don ya ba ni damar zama mutum.

Abin da na koya shi ne, alhaki ba maƙiyinka ba ne muddin ka amsa kiransa da wuri. Jarumin wasanmu ya toshe kunne har ya halaka. Ni Allah ya haɗa ni da wanda ya jira ni.