Kafintan da Gadarsa Ta Ƙi Faɗuwa

An haifi marigayin, wanda abokan sana'a ke kira Ƙusa, a shekarar 1952 a wani gari na bakin rafi. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma ungozoma.

Tasowa da Aure

Bayan kammala firamare ya koma shagon mahaifinsa, inda aka tarbiyyantar da shi bisa ƙa'ida guda, wato abin da hannu ya haɗa kada ya girgiza. Ya yi aure a 1977, kuma gadon da ya yi wa amaryarsa har gobe jikoki na tsalle a kansa.

Aikin Fim

A 1994 wani kamfanin fim ya ba shi aikin gadar katako a kan rafin, wadda aka tsara za ta rufta a ƙarshen labari. An bayyana masa haka, ya gyaɗa kai, sannan ya je ya yi aikin da ya iya.

Ranar ɗaukar fim aka tara 'yan wasa da motocin haya, aka ja igiyar da za ta kayar da gadar, gada ta ce sam. Aka ɗaura mata tarakta, igiyar ce ta tsinke.

"Malam, cewa na yi ta faɗi!" in ji darakta.

"Ranka ya daɗe, mutane fa za su hau," in ji Ƙusa.

Abin da ya biyo baya, mai wannan rubutu ya gani da idonsa, kuma har yau in ya tuna sai ya riƙe baki. Da aka kawo zarto don a yanke ta, 'yan kasuwar da suka fara bi ta kan gadar suka zauna daram suka ƙi tashi. Watanni ana ciyar da ɗaruruwan ma'aikata suna barci a inuwa, ana kifar da abinci a bola. Aka ɗauko ƙwararre daga ƙetare ya gina wata ta kwali, ruwan sama ya tafi da ita kafin a kunna kyamara. Kamfanin ya durƙushe, fim bai fito ba, laifi duka ya hau kan kafinta.

Ƙarshen Rayuwa

Ba a ƙara ba shi babban aiki ba. Ya koma gyaran kujeru, kuma saboda kunya bai taɓa yarda ya taka gadar ba, sai dai ya naɗe wando ya ratsa ruwa.

Allah Ya yi masa rasuwa a daminar 2019. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babban direba ne, mai bi masa malamar asibiti, auta kuma ya gaji shagon. Makabarta tana tsallaken rafi, rafin kuwa ya cika ya batse. Ta kan gadar aka wuce da shi, duk jama'ar gari na biye, ko motsi ba ta yi ba.