Baƙon da Ba Mu Tambaya Ba

Jikata mai aikin jinya a Yamai ta zo mini da wata kalmar Faransanci, wai "ospis". Ta ce gida ne da ake kai wanda magani ya gaza a kansa, a kula da shi har rai ya yi halinsa, asalinsa kuwa masaukin matafiya ne. Na ce yo ke, ai zauren gidanmu na Gaya kike faɗi, suna ne kawai ba mu sa masa ba.

A farkon samun mulkin kai, maigidana ne ke saukar da fatake masu ƙetare gada zuwa Dahome. Ni ke tuƙa tuwonsu, ni ke jan ruwansu, bayana har yau bai yafe mini ba. Wasu su kwana su wuce, wasu ciwo ya kayar da su, mota ta tafi ta bar mana jinya. Na gaji, wallahi, irin gajiyar da barci ba ya yi wa komai.

Wata damina kamyo, babbar motar kaya, ya sauke mana wani dattijo, ƙafafu a kumbure, ba abokin tafiya. A gidanmu abin kunya ne a tambayi baƙo daga ina yake kafin ya ci ya huta, balle marar lafiya, sai ya zaci korarsa ake yi. Muka riƙa ce masa Baƙo kawai. Maigida ke yi masa wanka, ni ke wanke shimfiɗarsa ina ƙunƙuni.

Wata safiya na kai kunu zaure, sai dattijon ya riƙe hannun maigida ya ce, "Malam, mutanen gidana..."

Maigida ya tare shi. "Haba Baƙo! Nan ma gidanka ne. Sha kununka, in ka warke ma yi magana."

Dattijon ya bar maganar, don shi ma mai kunya ne. Kafin la'asar ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta muka zazzage jakarsa. Riga ɗaya, carbi, da turmin atamfa sabo fil, da gani tsarabar mace ce. Ba abin da ya nuna garinsu. Na dubi maigida na ce, "To, ga karamcinka nan, sai ka faɗa mini wa za mu aika wa." Idonsa ya yi ja.

Ya bi kasuwar Tanda, ya bi ta Yelu, ya aika har Zabori. Duk direban da ya sauka wurinmu sai an kwatanta masa mutumin. Ba wanda ya san shi.

Mun yi masa sutura, mun yi masa sadaka, wannan bai dame ni ba. Abin da ke ci mini rai, akwai wata mace a wani gari da ba ta yi takaba ba, tana can tana cewa mijinta ya yi tafiya.