Yaya Ta Ƙi Barin Zangon Farko

Yayata malamar labarin ƙasa ce a wata makarantar 'yan mata ta Katolika. In kun ji ina ɗaga murya ku yi haƙuri, ita ba ta iya faɗa ba, tun muna yara ni nake yi mata. Doguwa ce siririya, kullum da farin alli a gefen siket. Ba ta yi aure ba, ba ta kuma shiga Sista ba, wato matan da ke sadaukar da kansu ga coci, ta tsaya a tsakiya inda kowa ke samun abin faɗi a kanta. Mas ɗin safe, ibadar coci, ba ya wuce ta. Carbinta kuwa ya tsinke ba adadi, ni nake haɗa mata shi a shagona da zaren da nake ɗinka maɓalli, don ni tela ce.

Ita ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam a makarantar. Ran Laraba bayan an tashi suke taruwa, a ajin da fankarsa ke juyawa kamar an tilasta mata. 'Yata ta fari na cikinsu. Reshe ne na wata babbar ƙungiya ta duniya, wadda ke aiko musu da hotunan mannawa a bango da wata 'yar alama da ake ɗinkawa a aljihun riga.

Wata rana uwar ƙungiyar ta sauya matsayi a kan zubar da ciki, ta koma goyon bayansa. Yaya ba ta jira kowa ya kira ta ofis ba. Da hannunta ta ɓamɓare hotunan, ta tattaro rigunan yaran ta zube mini a kan keke.

"Ki warware mini alamar nan," ta ce.

"Yaya, ke da kika sha wuya a kan abin nan?"

"A wannan ban yarda da su ba. Ran da ke ciki rai ne. Amma yaran nan ba don wannan suke taruwa ba, aikinmu na nan."

Na zauna da reza ina tsinke zare, tana gefe idonta jawur. Duk rigar da na cire wa alama sai wurin ya fito da duhu, inda rana ba ta taɓa ci ba. Na ce a raina shi ke nan, ta ba masu makarantar abin da suke so, za su ƙyale ta. Ashe ban san mutane ba.

Aikin da ta ce yana nan, mutum ne. Mai walda ne, matashi, yana kurkuku an yanke masa hukuncin kisa. Kada ku ɗauka zan ce muku ƙage aka yi masa. Shi ya yi. Faɗa ya haɗa shi da ubangidansa, ya ɗauki ƙarfe ya maka masa, mutumin bai tashi ba, kuma bai taɓa musu ba. Yaya ta san shi ne a ziyarar fursunoni da take zuwa tare da matan coci. Danginsa sun yafe shi, ba mai leƙo shi sai ita.

A makarantar, duk Juma'a ana Hanyar Giciye. Hotuna goma sha huɗu ne a jikin bangon coci, na wahalar Yesu har kabari, kowanne zango guda. Mutum ɗaya ke riƙe giciyen katako a gaba, ya tsaya ƙarƙashin hoto, kowa ya durƙusa a yi addu'a. Ba mai tashi sai giciyen ya motsa. Tun da gwiwoyin tsohuwar Sistar da ke riƙe giciyen a da suka gaza, Yaya ke riƙe shi. Hoton farko kuwa shi ne inda aka yanke wa Yesu hukuncin kisa. A nan yaran ƙungiya kan ambaci sunan mai waldan, su roƙi a sassauta masa, su haɗa da ran ubangidan da matar da ya bari. Yaya ta gaya masa suna yi. Tun daga nan duk ziyara, kafin ma ta zauna, tambayarsa ɗaya ce: "Mama, sun ambace ni?"

Shugaban iyayen yara, wani mai kantin magani, shi ya tayar da maganar. Mutum ne da ba ya zama sai a bencin gaba, in yana rera waƙa yana waige ya ga wa ke kallonsa. Ya ce ƙungiyar nan ko an cire mata alama tana nan da warin inda ta fito. Aka kira taron sasantawa a ɗakin malamai, wai a daidaita ƙungiya da koyarwar Katolika. Na je a matsayin uwa. Fada, limamin cocin, na zaune a tsakiya, Sista shugabar makaranta na damansa, an jera kofunan shayi kamar abin arziki za a yi.

"Mun kawo 'ya'yanmu su koyi tsoron Allah," in ji mai kantin, "ba su durƙusa wa mai kisan kai ba. A gaban bagadi, cikin coci fa!"

Yaya ta miƙe, muryarta can ƙasa. "Fada, ba ku kuka koya mana cewa rai abin tsarewa ne tun daga ciki har kabari ba? Na bar waccan ƙungiya saboda farkon maganar. Yanzu kuma in bar yaron nan, in jefar da ƙarshenta?"

Fada ya juya kofinsa a kan faranti. Ba mugu ba ne, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. "Gaskiyarki, 'yata. Koyarwar ke nan, ban musa ba. Amma a bi a hankali, hankalin iyaye ya tashi. Ki riƙa yi masa addu'a a zuci, ai Allah na ji."

Sai Sista ta faɗi abin da suka riga suka dafa kafin mu zo. Ƙungiya za ta ci gaba da sabon suna, ta dasa itatuwa, ta riƙa ziyartar marayu. A cikin coci kuwa ba za a ƙara ambatar sunan kowa ba sai marasa lafiya da matattu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "To ku sauke hoton farkon mana! Wanda ke ciki ma ai hukuncin kisa aka yanke masa. Ku rataye hoton itace a wurin!" Mai kantin ya ce a fitar da ni. Yaya ta ja gefen zanena ta ce, "Zauna, ƙanwata." Sannan ta dubi Fada ta ce ta ji, za ta bi. Na so in shaƙe ta, wallahi.

Ta kuwa bi. Yara suka dasa itatuwa a bayan ɗakin kwana, aka ɗauke su hoto. Juma'a ta zo, aka durƙusa a zangon farko, aka tashi ba a ambaci kowa ba. Da ta dawo daga ziyara ta gaba, ta biyo ta shagona ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Ya tambaya?" na ce.

"Ya tambaya."

"Kika ce masa e, ko?"

"Na ce masa a'a."

Na yar da almakashi. "Haba Yaya! Mutumin da ke jiran igiya? Wace irin gaskiya ce wannan? Ki ce masa e mana, in zunubi ne ni na ɗauka!"

"Kowa ya yi masa ƙarya a kurkukun nan, ni kaɗai ce ban yi ba. Na ce masa ni ina ambatarsa. Ya ce ya gode. Bai sake tambaya ba."

Watanni suka shuɗe. Wata Juma'a da safe ta kira ni a waya, muryarta kamar mai karanta sunayen aji, ta ce an rataye shi jiya. Na rufe shago na nufi makarantar, don na san ba za ta fasa riƙe giciye ba.

Coci ya cika da yara cikin fararen riguna. Mai kantin na bencinsa. Yaya ta ɗauki giciye ta tsaya ƙarƙashin hoton farko, kowa ya durƙusa, aka yi addu'ar da aka saba, aka ce amin. Giciye bai motsa ba. Ba ta ambaci suna ba, ba ta karya dokar kowa ba, ta dai tsaya. Yara suka fara muskutawa a kan siminti. Sista ta yi gyaran murya, ta sake yi. Mai kantin ya dafa benci zai tashi, ya waiga ya ga shi kaɗai ne, ya koma kan gwiwoyinsa. Katakon na da nauyi, amma Yaya ba ta sauke shi ba. A layin 'yan ƙungiya wata ta fara shessheƙa, na gane kukan 'yata ne.

Fada ya taso ya je kusa da ita, ya yi mata raɗa. Ta amsa masa, ba da ƙarfi ba, amma cocin ya yi tsit har na baya sun ji.

"Ya cancanta yanzu, Fada. Ya shiga cikin matattu."

Fada ya sunkuyar da kai. Sannan ya juyo ya faɗi sunan mai waldan, cikakke, ya roƙa masa hutawa ta har abada. Makaranta gaba ɗaya ta amsa. Har mai kantin ya amsa, da muryar nan tasa ta bencin gaba. A nan giciyen ya motsa.

Mutane na ce mini abin ya yi kyau, wai ranar kowa ya yi hawaye, wai an sasanta. Ni ban ga kyansa ba, kuma har yau in na tuna sai in taka keke har allura ta karye. Yaya tana nan tana koyar da koguna da duwatsu, ƙungiya na ban ruwan itatuwanta. Duk Juma'a yanzu ana ambatar sunansa, ba wanda ya taɓa kai ƙara. Rannan na tambaye ta ko hakan ya sanyaya mata rai. Ta miƙo mini carbinta da ya sake tsinkewa.

"Da kunnensa yake so ya ji," ta ce.